Ranar da Muka Buɗe Kasuwar Shanu Babu Shanu

Malam Edita, a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahome, ni saurayi ne ɗan Djougou, jikan fataken goro, wanda ya yi boko har ya iya buga keken rubutu da yatsu biyu. Yatsun nan biyu su suka kumbura mini kai. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ɗauko ni zuwa gidansa a Ladjifarani cikin Parakou, ya sa aka naɗa ni magatakardan ƙungiyar dillalan shanu da mahauta, wadda shi ke shugabanta. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ya san kowane makiyayi har da sunan ubansa. Ƙarfin ƙungiyar kuwa ya rataya ne a kan amincinsa da wani ardo da ke zaune wajen Pélébina, kusa da Djougou. Inda ardon nan ya nufa da garkensa nan sauran Fulani ke bi, kuma abotarsu da kawu gado ce tun daga iyayensu.

Wata shekara hukuma ta ce gidaje sun cinye tsohuwar kasuwar shanu, ta ba mu sabon fili a bayan gari. Aka tsayar da ranar buɗewa, kwana goma kafin layya. A daidai lokacin kurkunu ya kwantar da kawu, ko masallaci ba ya iya zuwa. Ya kira ni ya fara jero mini yadda za a isar da labarin: wa zai fara ji, a bakin wa, da wane harshe, a wace rana. Ya ce kafin kowa sai ardo, kuma da ƙafata zan je, da ƙwaryar goro. Ni dai ina sauraro da kunne ɗaya. A raina ina cewa zamani ya juya, shugaban ƙasa ma ta rediyo yake magana da mutane, sai ni ne zan sha ƙurar hanya saboda maganar da ba ta wuce layi uku ba? Na buga sanarwa da Faransanci, na lika a ƙofar biro, wato ofishinmu, da tasha da tsohuwar kasuwa, na aika aka karanta a rediyo, na damƙa wa direban wani kamyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Djougou guda ɗaya ya kai wa ardo. Da kawu ya tambaye ni ko ardo ya ji, na ce ya ji. Har yau wannan amsar tana ci mini rai.

Ranar buɗewa ta zo. Ga manyan hukuma a kan kujeru, ga makaɗan kalangu suna zuga mahauta, ga ni cikin kwat ina kai da komo. Har aka kira azahar ba mu ga komai ba sai awaki kaɗan da wani ramammen sa da mai shi ma kunyarsa yake ji. Daga baya muka ji abin da ya faru. Direban bai je rugga ba, a kasuwar Djougou ya ba wani ya karanta a bainar jama'a, labari ya bi baki-baki har ya iske ardo cewa an kori shanu daga cikin Parakou. Ardo ya hana garkensa motsi, sauran Fulani suka yi yadda ya yi. Mahauta suka yi mini ca, wani dattijo ya ce ko takardar tawa za su yanka ran salla.

A nan na ga abin da ake kira dattaku. Kawu bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya sa na zauna na rubuta, ya tsara abin daki-daki. Washegari aka ɗora shi a gaban kamyo, ƙafa a ɗaure da tsumma, muka nufi Djougou. Bai zarce rugga ba, sai da ya fara sauka wurin 'yan'uwanmu, ya nemi wani dattijo da ardo ke jin nauyinsa ya yi mana iso. Da muka isa, aka shimfiɗa tabarma, aka sha nono, aka tambayi lafiyar shanu da ta iyali, kawu bai ambaci kasuwa ba sai da ardo ya taɓo ta da kansa.

"Alhaji, nisan sabon fili bai dame ni ba," in ji ardo. "A bakin 'yan kasuwa na ji maganar gidanka."

Ina zaune ina jiran kawu ya nuna ni, don gaskiya ke nan. Sai ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Ardo. Ni ya kamata in zo."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kawu ya roƙi ardo shi ya zaɓi ranar da za a sake buɗewa, ya zaɓa. Daga nan komai ya bi layin da aka shata. Matan da ke tallar nono suka kai labarin rugage da Fillanci. Ran Juma'a limamai suka faɗa bayan salla. Mai shela ya zaga kasuwanni yana faɗa da Dendi da Baatonum da Hausa. Takardata ta Faransanci ita ce ta ƙarshe, aka kai wa hukuma, inda dama can ya dace da ita. Abin da ya fi burge ni, a kowane wuri kawu ya sa mutum ya koma ya tambayi jama'a me suka ji, ya dawo ya faɗa masa, don a gyara tun abin bai yi nisa ba.

Kwana uku kafin salla shanu suka cika sabon fili, mahauta suka yi ciniki, kowa ya manta. Amma ardo bai zo ba, ƙaninsa ya turo da garken. Haka ya ci gaba da yi kowace shekara. Gaisuwa ta bakin 'yan aike ba ta yanke ba, sai dai shi da kawu ba su sake zama a tabarma ɗaya ba har Allah ya karɓi ran kawu. Kuma ko sau ɗaya kawu bai taɓa goranta mini ba.

Na daɗe ina aikin ƙungiyoyi bayan haka, na kuma gane cewa fitar da sanarwa daban, isar da magana daban. Ku masu kamfani da masu riƙe da ƙungiya, musamman matasa da hanyoyin aika saƙo suka yi muku yawa, kafin ku saki magana ku zauna ku tsara: wa ke da haƙƙin ya fara ji, wa zai faɗa masa, da wane harshe, wa zai dawo muku da abin da aka fahimta. Zumunta a ƙafa take, na'ura ba ta gaisuwa. Ni rowar tafiyar yini ɗaya na yi. Kasuwa ta dawo cikin mako guda, amma na raba tsoho da amininsa, ya tafi kabari bai sake ganinsa ba.