Ƙarfen Bayan Gareji

Ina da shekara arba'in da shida likita ya dubi tumbina, ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. Ban nema ba. Sai wata Asabar da na kai motata gyara unguwar makanikai ta Apo, na zagaya bayan gareji neman inuwa, na tarar da maza biyu suna ɗaga ƙarfe. Kayan nasu duk haɗin gida ne: sandar ƙarfe daga ƙarƙashin wata matacciyar mota, an ɗaura mata gwangwanayen fenti cike da siminti, sai benci guda mai ɗingishi.

Babban cikinsu shi ne mai garejin, dattijo Bagwari mai faɗin ƙirji, kowa Baba yake ce masa. Ɗayan kuwa kifi yake sayarwa a kasuwar Kado, ya zo gyaran motarsa tun bara, aka gyara, shi bai daina zuwa ba. Daga ranar na zama na ukunsu, safiya uku a mako kafin in wuce ofis.

Baba abu uku kawai yake yi. Ya kwanta ya tura ƙarfen daga ƙirji, ya miƙe ya lanƙwaso shi da damtse, sannan ya ɗaga shi bisa kai. Ya ce tun kafin a kawo kwalta unguwar haka yake yi. Mai kifi kuma kullum da sabon salon da ya gani a waya.

"Oga, kada ka biye wa Baba," in ji shi. "Jiki wayo gare shi. In ya gane abin da za ka yi masa, ya daina aiki. Sai kana ruɗa shi."

Baba ya ce, "Jikina bai taɓa ruɗewa ba, kuma yana nan."

Ni dai mai kifi na fara bi, don nasa ya fi kama da ilimi. Wata guda ina ruɗa jikina, kuma ya ruɗu. Wannan mako cinya, na gaba haƙarƙari, har wani wuri a bayan kafaɗa da ban san akwai nama ba. Zaman tahiya ya koma sai da dabara. In na shigo gida ina takawa a karkace, uwargida ta ce, "Sannu da zuwa. Yau kuma ina aka ruɗa?"

Na koma wajen Baba. Wata uku ina abu ukun nan, har na haddace tsatsar da ke jikin kwanon rumfar da ke saman bencin. Gundura kam na sha, amma ran nan na sauke buhun shinkafa daga but ɗin mota ni kaɗai, na kai shi har kicin, na tsaya ina jiran a yaba.

Ana nan, wata safiya da aka kwana ana ruwa, Baba ya naɗe wandonsa har gwiwa saboda taɓo. Muka ga ƙafafun. Kamar an ɗora randa a kan kara biyu. Mai kifi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in Baba ya isa, ya saɓa ƙarfen a kafaɗa ya tsuguna ya tashi sau goma. Baba ya saɓa. A na shida ya zauna daɓas a kan tsohuwar taya, ya ce dama hutawa ya yi niyya.

Da numfashinsa ya dawo ya nuna bencin. "To kai zo ka tura nawa."

Mai kifi ya kwanta, ya sauko da ƙarfen kan ƙirjinsa, can kuma ya tsaya. Ƙafafunsa kawai ke harbin iska. Sai da muka kama mu biyu muka ɗauke masa.

Babu wanda ya ce an kayar da shi. Amma mai kifi ya rage duba waya, yanzu yakan yi wata biyu a kan salo ɗaya. Baba kuma ya ƙara tsugunon a kan ukunsa, sai dai a bayan wata ruɓaɓɓiyar bas yake yinsa, inda ba ma ganinsa. Ƙirgensa kawai muke ji, kuma daga biyar yakan tsallaka zuwa takwas.