Sabon Ƙarfe a Tsohuwar Mota

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Kano, da damina, Baba da ƙanensa Baffa Hamisu suka haɗa hannu suka sayi tsohuwar mota mai canja giya da kanta. Baba ke tuƙi, yana ɗaukar fasinja daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Baffa bakanike ne, shi ke kula da lafiyarta.

A lokacin, bayan sallar isha'i mukan taru a madafin kakarmu Inna, tana gasa mana masara a kan garwashi tana ba mu tatsuniya. Idan ruwa na sauka, hayaƙi ya hana mu buɗe ido, amma ba mai tashi. Baba ɗan farinta ne, don haka bisa al'ada ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ji wani abu, mu take gaya wa da ɗan ƙarfi.

Motar ba ta da kuzarin tashi in an cika ta da kaya. Sai Baba ya sayo wani ƙarfe a Kano mai kama da ƙwarya a kife, wanda ake sawa tsakanin inji da giya. Kwanbata suke ce masa. Wannan irin yana barin inji ya ɗau zafi sosai kafin mota ta motsa, sai ta tashi da ƙarfi. Baffa ya ɗaura shi, sannan ya ce, “Yaya, ba ni kwana biyu in sake saita injin, in sa wa man giya abin sanyaya shi. Wannan ya fi ƙarfin zaman da inji da giya suka saba.”

“Mai shagon ya ce a ɗaura a tafi,” in ji Baba. “Gobe kasuwa. Ko fasinja za su jira saitinka?”

Daren nan Baba na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, daf da madafi. Inna ta juya masara ta ce, “Ku matso, wata tatsuniya ta iso.” Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wani manomi ne, in ji ta, yana da shanun huɗa biyu da suka tsufa tare. Ɗaya ya mutu, ya sayo wani ƙaton bijimi mai tozo. Masassaƙi ya ce ya kawo karkiyar da ake ɗora musu a wuya a sake sassaƙa ta, domin wuyan nan biyu ba tsayinsu ɗaya ba. Manomi ya ce ƙasa ta jiƙa, ba ya jira. Aka shiga gona. Bijimi na ja gaba, karkiya ta karkace, duk nauyin ya koma kan tsohon sa. Shi kuwa bai yi kuka ba, yana ta tafiya, itace na cin wuyansa. Manomi na baya yana murnar kunya ta yi sauri. Kafin rana ta yi tsaka, tsohon ya durƙusa, bai ƙara tashi ba.

Ƙanwata ta ce, “Bijimin nan mugu ne.”

“Me ya yi? Ƙarfinsa ya kawo, shi aka saya.” Inna ta ɗaga murya kaɗan, idonta na kan wuta. “Wanda ya kawo sabo gida, shi ke da aikin gyara wa tsoho zama.”

Baba ya yi dariya daga inda yake. “Ku gaya wa kakarku mota ba sa ba ce.”

Inna ta karya masara ta raba mana.

Motar ta yi ta gudu har kaka, Baba na yabonta. Wata rana, kafin a shiga Gwaram, giyar ta ƙone. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma a tasha, a gaban direbobi, Baba ya ce Baffa ne ya ɓata ɗaurin, bai iya aiki ba. Baffa ya kwashe kayan aikinsa da iyalinsa ya koma Gwaram.

Inna ta ci gaba da ba mu tatsuniya, sai dai takan manta tsakiya, ta tambaye mu inda ta tsaya. Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, 'ya'yanta biyu suka karɓi gaisuwa a tabarma daban-daban.

Na daɗe ina zaton maganar ƙarfe take yi. Sai da na girma na gane motar kanta ce sabon abin da ya shigo tsakaninsu. Da, wa ne da ƙane, babba ya faɗa ƙarami ya bi. Mota ta mayar da su abokan aiki, inda dole wani lokaci babba ya saurari ƙarami, kuma ba wanda ya zauna ya gyara wannan zama. Inna ta gani, amma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki.

Baba ya tsufa kafin ya ce in kai shi Gwaram. Muka tarar da Baffa a garejinsa, furfura ta rufe shi, direbobi na zaune a benci. Baffa ya miƙe zai durƙusa, Baba ya riƙe shi.

“Hamisu, a gaban mutane na ce ba ka iya aiki ba. Ga mutane. Aikinka daidai ne, ni na ƙi jira.”

Baffa ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ko da yake ba komai a hannun.

“Kwana biyu fa kawai na roƙa, Yaya.”

“Na zo da su,” in ji Baba. “Sai jibi zan koma.”

Baffa ya juya ya ce a gaya wa mutanen gida su ƙara tuwo, a share ɗakin zaure.