Ottavio Bracaglia, Ba Kai Ka Saki Ƙwallon Ba

Da safiyar Talata, goma sha biyu ga Nuwamban 2024, 'yarka Loredana ta kira ni ta ce, "Kawu Settimio, Baba ya tafi." Ta ce kana zaune bakin taga kana kallon teku, ko kofin da ta haɗa maka ba ka taɓa ba. Shekararka tamanin da bakwai. A cikin mu goma sha shida da muka buga wa ƙungiyar Delfini wasan besbol a kakar 1961, saura ni kaɗai.

Ni ne mai jifa, kai ne mai cafewa. Shekara huɗu ina jefo ƙwallo, kai kana tsugune bayan mai bugu, fuskarka cikin ragar ƙarfe, kana nuna mini da yatsu irin jifan da zan yi. Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannunka na dama, duk ƙwallona ya karya su, amma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Sai dai tsiya. Idan jifana ya yi sanyi ka taso ka ce, "Mutumina, wannan ko kakata ta buge shi da tsintsiya."

Waccan shekarar ce kaɗai ƙaramin garinmu ya hau rukunin manya. Masana'antar kifin gwangwani ta ɗauki nauyinmu, ta ɗinka mana riguna masu ruwan bula. Mun sha kashi a Bologna, mun sha a Milano, mun sha a Parma. A jirgin ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai, kai ne kake kwance ƙunshin burodi da kifin gishiri da mahaifiyarka ta yi maka, ka yanka goma sha shida, ka ɗauki gefen da ya fi ƙanƙanta. Daga nan ka kama waƙa da wannan muryar taka marar daɗi har sai wani ya yi dariya.

A watan Yuni kafaɗata ta lalace. Na ɓoye wa kowa, don na san idan koci Tullio ya ji, masana'anta zan koma yankan kifi. Kai ba a ɓoye maka. Bayan wasan Firenze ka ja ni gefe ka ce, "Ƙwallonka ba ya cizo a tafina kamar da. Tun yaushe?" Na roƙe ka ka rufa mini asiri. Ka ce, "To. Amma abin da na nuna maka shi za ka jefa."

Haka muka lallaɓa har wasan ƙarshe, ranar Lahadi a filinmu. Idan mun ci mu zauna a rukunin, idan an ci mu mu faɗo. Gari kaf ya zo, har limamin coci ya gajarta huɗuba. A zagayen ƙarshe muna uku da uku, ɗan wasansu yana taku kaɗan da kammala zagaye. Ka nuna mini jifa mai sauƙi, ƙasa-ƙasa. Na ƙi. Na so garin ya ga ƙarfina, na saki mai zafi, kafaɗar ta ƙi bin umarni. Ƙwallon ya kauce nesa da kai. Ka yi tsalle, ya gogi bakin safar hannunka ya wuce, mutumin ya shigo a guje ya kammala zagayen, suka ci mu huɗu da uku. Shi ke nan.

Ɗan jarida ya tare ka a bakin fili, ina tsaye a bayanka. Ka ce, "Jifan lafiya lau yake. Ni na sake shi." Na bar shi ya rubuta hakan.

Tun daga ranar garin ya sa maka suna Rariya. Masana'anta ta janye hannu kafin Kirsimeti, ƙungiyar ta watse. Mutanen wata babbar ƙungiya ta arewa da suka zo kallonka ranar ba su sake waiwayarka ba. Ka koma kwale-kwalen mahaifinka, ka yi shekara arba'in kana jan taru da waɗannan yatsun. Ni kuma ban ƙara jefa ƙwallo ba, kafaɗar da ka rufa wa asiri ba ta warke ba. Na zama ma'aikacin gidan waya, ana gaishe ni da girmamawa. Kai kuwa a kasuwa sai ka ji an ce, "Rariya, riƙe kifin da kyau kada ya suɓuce!" Ka yi murmushi ka miƙa wa mutum kifinsa.

Duk da haka, da matata Nerina ta kwanta ciwon ajali, wata takwas kowace Juma'a kana ajiye mana kifi a bakin ƙofa, ba ka ko tsayawa a gode maka. Sau ɗaya na ɗauko zancen wasan, mun riga mun tsufa. Ka ce, "Settimio, filin ma ya zama wurin ajiye motoci. Wa za ka faɗa wa?"

Gaskiyarka. Ranar Alhamis a coci, wajen jana'izarka, mu goma sha ɗaya ne. Na miƙe da sandata na ce, "Jama'a, ba Ottavio ne ya saki ƙwallon nan ba, ni na jefa shi ba daidai ba." Aka bi ni da kallo. Babu wanda ya san ƙwallon da nake nufi. Loredana ta riƙo hannuna ta ce, "Kawu, zauna, ƙafarka." Waɗanda ya kamata su ji duk suna makabarta, sun tafi da sunan da suka sa maka.

Allah ya ji ƙanka, Ottavio, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Loredana da mijinta Fulvio, da ƙanwarka Assunta, da jikokinka uku. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin na yi shekara sittin da uku ina da damar neman gafararsa, ban nema ba.

Settimio Carrano