Tayoyin Gaba na Taraktar Babana

Taraktar da babana ya bar mini tsohuwa ce, tayoyinta na gaba sirara, sun cinye har sun yi santsi. A fadamar Ambursa kuwa, in tarakta ta kafe, wanda ya fi kusa shi ke jawo ta, ba sai an roƙa ba. Ranar da tawa ta nutse a laka, maƙwabcin gonata yana nan da tasa sabuwa fil. Ya dube ni a gaban masu dashen shinkafa ya ce, "Wagga ai sai 'yan gwangwan." Ya wuce abinsa. Da shanun huɗa muka fitar da ita, ana ta dariya.

Na shiga Birnin Kebbi na sayo tayoyi masu faɗi da manyan haƙora. Damina biyu ina jira.

Sai ga tasa ta kafe har ciki, a daidai kwarin da tawa ta nutse. Na taho a hankali a kan tawa, sarƙata ta jan tarakta rataye inda zai gan ta. Na kewaye shi sau biyu, tayoyina ko gezau.

Na ce, "Sannu da aiki, maƙwabci."

Na wuce gida.