Tabon Cinyar Goggo Hajaratu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Oktoba, 1956, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Goggo Hajaratu, ungozomar Ruwan Godiya, yayar mahaifina, bayan kwana shida tana fama da zazzaɓi.

Goggo, ni ne Harisu, wanda ya tashi a ɗakinki. Yau zan faɗi abin da kika hana ni faɗa.

Tun ƙasar kabarinki ba ta bushe ba magana ta cika gari. Matan da suka yi miki wanka sun ga tabo biyu a cinyoyinki, kamar an fere da aska, suka fito da abin da bai kamata ya bar ɗakin wanka ba. Kafin sadakar uku an gama yanke hukunci: wai Lidiya matar Ɗanhausa, da ba ta rabuwa da gidanki, mayya ce, ita ta riƙa cin namanki har ta ƙarasa ki. An hana ta ɗiban ruwa a rijiya. Yanzu ana cewa ta tattara ta bar gari.

Ƙarya ne, wallahi ƙarya ne! Ina wurin.

Bara waccan ke kika karɓi haihuwar Lidiya, kamar yadda kika karɓi ta rabin garin nan, ba ki taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba. Ke kike mata wankan jego. Rana ta tara kika ce a ƙara wuta, kada sanyi ya shige ta. Kina sauke tukunya gindinta ya ɓalle, tafasasshen ruwa ya kwarare mata a baya.

Ni na raka ku asibiti a Zariya cikin motar auduga. Likita ya ce ƙunar ta yi faɗi, sai an yanko fatar wani an rufe wurin kafin tata ta tofo, in ba haka ba sai dai haƙuri. Kowa ya ja baya. Ban ga laifinsu ba, wa ya taɓa jin an ari fatar mutum? Ni ma da ƙuruciyata ban miƙa tawa ba, har yau ina jin kunyar haka. Ke kika miƙe kika ce, "Hannuna ya ƙona ɗiyar nan. Ku ɗibi tawa. Ta tsufa, amma ta rufe mutum."

Wata guda kika yi kina ɗingishi, kina ce wa mutane sanyin ƙashi ne. Kika ce mini, "In ka faɗa, ban yafe ba." Kin ji tsoron a riƙa nuna yarinyar da baki.

To, Goggo, ga shi shirun ne zai kore ta daga gidan mijinta da goyo a baya. Na karya alkawari, ki yafe mini. Ranar sadakar bakwai zan karanta takardar nan a ƙofar mai gari, da babbar murya. Mai son korar Lidiya ya fara da ni.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika bayar ya zame miki sutura ranar tsayuwa. Allah Ya shirye mu, mu da bakunanmu.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki uku: Salihu, Suwaibatu da Lidiya. Ita Lidiya tana nan zaune a tabarmar dangi. Duk wanda ya zo gaisuwa, ya durƙusa ya gaishe ta.