Rigunan Aikin Da Na Rabar A Bakin Titi

Edita, na rubuto ne don in sauke abin da ke raina, kuma ina roƙon kada a sa sunana. Ran wata Alhamis da hantsi ina zaune a teburina a wurin wankin motar kawuna da ke nan Lafia, sai na hango babban ma'aikacinmu ya sauko daga okada, babu mota, babu makulli a hannunsa. Ni ce na tura shi ɗauko jip ɗin wata Madam da muke wanke wa duk mako. Ya ƙaraso yana tambayata wa kuma na sake turawa, don maigadin gidan ya ce tun ƙarfe tara wani namu ya zo ya tafi da motar. Na duba filin wankin, ma'aikatanmu huɗu duk suna nan, kowa da sosonsa. Sai ya ƙara da cewa wai mutumin shuɗiyar riga ya saka mai tambarinmu. Alhali wata biyu ke nan da muka koma koriyar riga, kuma a duk wurin ni kaɗai na san inda shuɗayen suka tafi.

Lokacin shekaruna ashirin da ɗaya. Na gama sakandare a Kwandere, na yi shekara biyu a gida ina taya Mama tallar gyaɗa, sai ƙanenta ya ce in zo gari in riƙe masa waya da tebur. Ba wankin bokiti da tsumma kawai muke yi ba. Muna cire kujeru mu wanke, mu busar, mu goge fenti har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. Manyan kwastomomi ba sa zuwa da kansu. Waya suke yi, in tura ma'aikaci, maigadi ya ga rigarmu ya miƙa makulli. Haka ake yi tun kafin in zo, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa rigar nan ita ce kaɗai shaidarmu ba.

Da Kawu ya ce tsofaffin riguna sun koɗe, in zaɓo sababbi tunda ni ce mai ido, kaina ya yi girma. Na je wurin mai buga riguna na zaɓi shuɗi mai sheƙi, da maɓallai har ƙasa, da aljihu mai zif na ƙarfe. Aka buga tambarinmu a ƙirji, aka sa lambar wayata ɓaro-ɓaro a baya, tunda ni ake kira. Guda goma sha biyu. Ran da aka kawo, Kawu ya ɗaga ɗaya sama ya tambaye ni ko bikin aure na ɗauka za mu je. Ya ce mai wanki kwanciya yake a kan bonet, maɓalli ɗaya ya isa ya ja wa motar mutane layi tun daga fitila har gilashi. Ma'aikatan kuma da suka gwada suka yi ta dariya, wai Anti ta ɗinko musu leda, a zafin ranar Lafia mutum zai dahu a ciki kamar alale. Na ji kunya ƙwarai. Muka sake yin koraye na auduga, babu maɓalli babu zif, shuɗayen kuma aka cusa su a jaka ƙarƙashin teburina.

Kullum ƙafata tana taɓa jakar nan, kullum ina tuna asarar da na ja. Sai dabara ta zo mini. Na ga yadda 'yan siyasa ke raba riguna, mutum ya yi ta yawo da hotonsu kyauta. A bakin ƙofarmu akwai bishiyar mangwaro inda 'yan okada ke jiran fasinja. Na ce in suka saka, ai sunanmu zai zaga gari, daga kasuwa har hanyar Adogi, Kawu ya ga asarar ta zama talla. Ban gaya masa ba, don so nake sai kwastomomi sun ƙaru in ce aikina ne. Wata rana da ya tafi sayen sabulu na fito da jakar. Kafin in ƙifta ido an yi mini caa, wannan ya ce Anti ni ma, wancan ya ce Hajiya ƙarama kar ki manta da ni. Ina dariya ina miƙawa. Ban rubuta sunan kowa ba, wasu ma fuskarsu ban kalla ba. Su ma zafin rigar ya hana su sawa a bakin ƙofarmu, shi ya sa Kawu bai lura ba.

Abin da ya fi cin raina har yau shi ne abin da na yi bayan ma'aikacin ya gama magana. Shiru na yi. Kawu ya zo a guje ya tara kowa, yana tambaya wa ya fita da safe, yana rantsuwa shuɗayen riguna suna nan a ajiye. Madam ta iso a keke-napep, ɗankwalinta a hannu. 'Yar kasuwa ce mai saro doya da riɗi, da motar take bin ƙauyuka, ta ce shekara shida tana tara kuɗi kafin ta saye ta. Ta shaƙe wuyan babban ma'aikacin namu, wai shi ya san gidanta, shi ya turo ɗan'uwansa. Mutumin nan mai 'ya'ya uku yana rantsuwa har da hawaye, ni kuma ina tsaye ina kallo. Sai da Kawu ya durƙusa ya jawo jakar, ya zazzage ta a gaban kowa, babu abin da ya faɗo. Ya ɗago ya dube ni. Bai yi tsawa ba, sunana kawai ya kira a hankali, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

A ofishin 'yan sanda aka jera mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ni kaina da na ji su sai na ga kamar ni ce ɓarauniyar. Ni na amsa wayar Madam. Ni na san ranar da lokacin. Ni na fitar da rigunan a ɓoye. Lambata ce a bayan rigar da ɓarawon ya saka. Kuma na yi shiru ana zargin wani. Jami'in da ke rubuta bayanina ya ajiye biro ya tambaye ni, wai saurayina ne ko ɗan'uwana, in faɗa tun da wuri a sassauta mini. Na ce wallahi talla na yi niyya. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce to tallar ta karɓu. Aka ce in lissafa waɗanda na bai wa, na iya tuna bakwai, biyar kuwa ko a mafarki. Aka saki ma'aikacinmu, aka riƙe ni, aka riƙe maigadin Madam, wani dattijo mai furfura da ya yi ta maimaita cewa shi riga ya gani, kuma shekara da shekaru riga yake gani ya ba da makulli.

Kwana biyu na yi a bayan kanta. Mama ta zo daga Kwandere da tuwo a kwano, ko taɓawa ban yi ba. Wata mata da aka kawo kan faɗa ta ce mini masu kes ɗin mota ba sa fita da wuri, daga kotu sai gidan yari, in shirya shekaru. Duk ƙarar takalmin da na ji sai in ɗauka ni aka zo ɗauka. A waje kuwa, daga baya na ji, Kawu ya je wurin ciyaman ɗin 'yan okada, shi kuma ciyaman ya tara yaransa ya ce duk mai shuɗiyar riga ya kawo. Aka samu goma sha ɗaya. Sai suka tuna wani da ya yi kusan mako uku yana zama a gindin mangwaron, ba ɗan ƙungiya ba, ba ya ma damuwa da fasinja. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa kai shi wani gida a Agyaragu, shi ya yi wa 'yan sanda jagora. Aka same shi, motar tana rufe da tamfol a bayan gida, har an cire lamba. Da aka tambaye shi wa ya ba shi labari, wai cewa ya yi babu wanda ya ba shi. Yarinyar tebur ce ke ɗaga murya daga inda take zaune, ta faɗa wa ma'aikata gida kaza, ƙarfe kaza, duk wanda ke bakin titi yana ji. Ko sunana bai sani ba.

'Yan'uwana masu ƙananan sana'o'i, musamman mata irina da ake bar wa tebur, ku ji ni da kyau. Rigar da ke ɗauke da sunan wurin aikinku ba kyautar sallah ba ce. In dai mutane suna buɗe ƙofa don sun gan ta, to ku ƙirga ta, ku san wanda ke sanye da kowace, wadda aka daina sawa a yanke tambarin kafin ta fita. Ku kira mai gida ku faɗa masa sunan wanda kuka turo. Ku rage murya. Kuma in kuskure ya fito, ku faɗa a minti na farko, domin shirun da na yi ya fi rabon rigunan muni, kuma har yanzu ba na iya haɗa ido da mutumin da aka shaƙe saboda ni.

Ranar Asabar bayan la'asar wata 'yar sanda ta leƙo ta ce yarinya ki tashi, ba ki da kes, mutumin ya wanke ki. Ban gane ba, sai da ta maimaita. Ta kama hannuna ta fito da ni. A bakin ƙofa na tarar da dattijon nan maigadi, shi ma an sake shi, yana ta fama da igiyar wandonsa da aka mayar masa. Na riga na ji cewa Madam ta aiko an fitar da kayansa daga ɗakin gadi, aikin shekara tara ya tafi. Na durƙusa a gabansa don in ce Baba ka yafe mini. Ya tsaya ya dube ni, ya ce 'yata tashi, je ki sha ruwa, tun jiya yake jin kukana ta bango ya hana shi sukuni, in tafi kada uwata ta gaji da tsayuwa a rana. Sannan ya saɓa 'yar jakarsa ya bi bakin titi da ƙafa, ban ma san inda zai kwana ba.