Matar da ke Ɗaga Azlin

Shekara biyar Barira Ashafa ta yi tana buga ƙwallon zari-ruga a Kuala Lumpur, ta ƙara kusan biyu tana jiran a bar ta ta buga, kuma a duk tsawon nan ba ta taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Ba ta ɓoye wannan, ba ta kuma jin kunyarsa, domin ba aikinta ba ne. Idan ƙwallo ta fita fili, 'yan wasa sukan jeru layi biyu a jefo ta sama a tsakaninsu, kowane ɓangare ya ɗaga mutum ɗaya ya cafke. To Barira ce mai ɗagawa. Ta riƙe cinyoyin mai tsalle ta gaba, wata ta tallafa ta baya, su miƙar da ita sama har ta kama ƙwallon, sannan su sauko da ita. Sauran lokacin wasa kuwa tana sahun gaba wajen turereniya, kai cikin kai, tana shan laka.

A Gusau ta tashi, a hannun Gwaggo Mero mai man gyaɗa. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take sauke jarkar mai daga amalanke ita kaɗai, amma babu wanda ya taɓa yaba mata. Basamudiya ake kiranta. Tela ya yi ƙorafin yadi, mai acaɓa ya yi ƙorafin taya, 'yan uwa kuma suka yi ta ba ta shawarar rage tuwo, sai ka ce tuwo ne ya yi mata ƙashi. Ta girma tana rankwafar da kafaɗa don ta rage tsawo. Karatu ne ya zama maɓoyarta, har ta zama malama a wata kwaleji, kwalejin kuma ta turo ta Malesiya a 2015 ta ƙaro ilmin ƙasar noma.

Ta kama ɗaki a Sri Petaling, hawa na tara. Wata ranar Asabar lif ya lalace, ta dawo daga kasuwa da buhun shinkafa, ga tukunyar gas tana jiranta a ƙasa. Ta saɓa buhun a kafaɗa, ta ɗauki tukunyar da ɗaya hannun, ta kama matakala. Wata siririyar mace doguwa 'yar ƙabilar Malay ta bi bayanta tun daga ƙasa har sama. Sai da Barira ta ajiye kaya a bakin ƙofa matar ta yi magana.

"Kak, kin taɓa ɗaga mutum?"

Kak shi ne yaya a bakinsu. Barira ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗauka mai taɓin hankali ce. Ashe maƙwabciyarta ce, Azlin, ma'aikaciyar jinya, kuma ita ce mai tsallen wata 'yar ƙungiyar mata da ke atisaye a wani fili kusa da Bukit Jalil. Sai da ta yi mako uku tana naci kafin Barira ta bi ta, shi ma don ta huta da ƙwanƙwasa ƙofa.

Kocinsu, Kak Ros, wata gajeriyar dattijuwa mai muryar maza, ta kewaye Barira sau biyu kamar mai sayen saniya, ta daki kafaɗarta, ta ce, "Alhamdulillah." Ranar ce ta farko da wani ya gode wa Allah saboda jikinta. Ta koma gida a jirgin ƙasa tana murmushi ita kaɗai, har wata tsohuwa ta sauya kujera.

Aka ba ta riga mai lamba uku. Ta sa matsattsen hijabi da dogon wando a ƙarƙashin gajere kamar yawancin Malayen ƙungiyar. Abu na farko da Kak Ros ta koya mata shi ne ɗagawa ba ta da wuya, saukewa ce aiki. "Wadda kika ɗaga amanarki ce sai ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ko ƙwallo ta faɗi, ko an nushe ki, ba ruwanki, ki sauke min ita." Barira ta riƙe wannan fiye da duk abin da ta karanta a jami'a. Ba ta taɓa yar da kowa ba.

Kafin kowane wasa akan naɗe cinyoyin mai tsalle da filasta, a sa 'yar katifa a ƙarƙashi don hannun mai ɗagawa ya sami wurin kamawa. Azlin ba ta yarda kowa ya naɗe mata sai Barira. Ƙunshin filasta ɗaya shi ke isar ƙafafun biyu cif, ba ya saura ba ya kasawa. Da haka hannun Barira ya haddace Azlin. Tana ɗaga ta take sanin ko ta kwana a bakin aiki, ko tana azumi, ko ta cika ciki da gurasar roti a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa.

Gwaggo Mero ba ta taɓa gane wasan ba. Duk Juma'a a waya sai ta tambaya.

"To ke 'yar nan, wannan karon kin ci?"

"Gwaggo, ni ɗagawa nake yi."

"Ikon Allah. Boko aka tura ki ko dako?"

Sai korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka kulle gari, aka ce kwana goma sha huɗu ne. Barira ta yarda, kowa ma ya yarda. Ta mayar da falo fili, tana ɗaga buhun shinkafa sama da kanta sau hamsin da safe, har maƙwabcin da ke hawan ƙasa ya kai ƙara wajen mai gadi. Ta roƙi Kamila, 'yar Kano da suke zaune tare, ta bari a ɗaga ta ko sau ɗaya don kada hannu ya manta.

"Haba Anti Barira, please! Ba ki ga fanka ba? Ni accounting na zo karantawa, ban zo mutuwa ba."

Kwana goma sha huɗu suka zama wata uku. Aka buɗe, aka ce a yi gudu amma kada a taɓa juna. Wasan da gaba ɗayansa riƙe mutum ne, aka ce a yi shi ba taɓawa! Suka yi ta zagaya fili, kowa da ƙwallonta da ruwan wanke hannunta, kamar masu gaba. Aka sake kullewa. Aka buɗe. Aka kulle. Barira ta daina lissafi, ta daina karanta sanarwar gwamnati, Kamila ce ke gaya mata yau an hana kaza. Gwiwarta ta hagu ta fara ƙara idan za ta tashi daga sallah. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani, ta mutumin da kullum yake shiri ba a taɓa kiran sa ba.

Mata ashirin da shida ne a ƙungiyar kafin kulle. Wasu suka yi aure ta waya, wasu suka haihu, wasu aiki ya ƙare suka koma garuruwansu. Barira ta kammala digirinta na uku a gaban kwamfuta, malamai uku suna kallon ta ta cikin gilashi, suka ce sun taya ta murna, aka kashe. Takardar zamanta za ta ƙare da ƙarshen Disambar 2021, kwaleji kuma tana jiran malamarta. Ta san babu wata ƙungiyar zari-ruga da ke jiranta a gida. Ranar da ta hau jirgi, wasan ya ƙare mata har abada. Abin da take roƙo bai da yawa, wasa ɗaya kawai, ta ji usur, ta san wannan ne na ƙarshe.

A watan Agusta cutar ta kama Azlin a wurin aiki. Kwana goma sha tara tana kan iskar taimakon numfashi. Ba a shiga, ba a gani. Da aka sallame ta ta koma gidan mahaifiyarta, sai Barira ta riƙa zuwa kasuwar Chow Kit ta sayo kaza, ta yi farfesu mai citta da kanumfari, ta rataye a ƙofa ta juyo. A waya Azlin kullum cewa take ta warke. A hoto ma, da takunkumi da babbar riga, kamar ta warke.

A Nuwamba aka ce waɗanda suka yi rigakafi za su iya wasan taɓa jiki. Wata ƙungiya ta shirya 'yar gasa ta goma-goma ranar sha ɗaya ga Disamba, mako guda kafin tafiyar Barira. Sharaɗi shi ne kowace ƙungiya ta zo da mutum goma nata masu rajista, ba aro. Kak Ros ta yi ta buga waya har ta tara tara. Ta goma ita ce Azlin, wadda ta ce likita bai hana ta motsa jiki ba.

Suka haɗu a fili wata Asabar bayan la'asar, an ɗauke ruwa, ciyawa ta kai ƙauri. Aka rungumi juna, aka yi ta ihu. Azlin ta zauna a kan benci ta miƙo ƙafa kamar jiya aka rabu.

"Kak, naɗe min."

Barira ta durƙusa ta fara naɗi. Ta gama ƙafar dama, ta gama ta hagu, ta yanke. Sai ta tsaya tana kallon hannunta. Kusan rabin ƙunshin ya rage. Azlin ma ta gani. Ta kau da kai tana gyara igiyar takalmi.

Aka jeru. Aka jefo ƙwallo. Barira ta sa ƙarfin da hannunta ya saba, ƙarfin Azlin ta da, sai matar ta tafi sama kamar an cilla matashin kai, har ta bayan ta kusa sakin ta. Azlin ta kama ƙwallon kuwa. Fili ya ɗau tafi. Amma mai tsalle dole ta sandare jikinta kamar taɓarya, kuma abin da ke hannun Barira ba haka yake ba. Cinyoyin suna rawa. Cikin ya saki. Da yake ita ce a gaba, ita kaɗai ke ganin fuskar, bakin a buɗe yana neman iska. Ta sauko da ita a hankali, ba ta sake ta ba sai da ta tabbata ƙafafun sun ɗauke ta.

"Boleh!" in ji Azlin tana dariya, wato za ta iya. "Kun gani? Boleh lah!"

Kak Ros ba ta kalli Azlin ba. Ta zo gaban Barira ta ɗaga kai.

"Ni daga nesa nake gani. Ke kika riƙe ta. Ranar Litinin zan miƙa sunaye. In sa ta?"

Duk sun san lissafin, idan babu Azlin su tara ne, tara kuwa ba sa wasa. Barira ta ji wata murya a ranta tana cewa wasan minti ashirin ne kacal, za ta kare ta, za ta tsaya mata. Ta so ta yarda da muryar nan ƙwarai. Amma ta san fili. Ba ɗagawar ce abin tsoro ba, abin tsoro shi ne wata ƙatuwa irinta ta taho a guje ta daki wannan ƙirjin.

"Kada ki sa ta," ta ce.

Azlin ta yi kanta. "Kak, saboda ke na zo! Kin san sau nawa na hau matakalar gidanmu ina gwaji? Saboda ke!"

"Na sani."

"To ki ce boleh."

"Hannuna bai ce ba."

Azlin ta zauna a ciyawa ta fashe da kuka, kukan ma yana yanke mata numfashi. Barira ta durƙusa, gwiwa ta yi ƙara, ta shiga warware filastar da ta naɗa. Ba ta ji ta yi wani abin kirki ba. Haushi ta ji, haushin cutar, da na Kak Ros da ta tambaye ta, da na hannunta da bai iya ƙarya ba.

Ba su buga gasar ba. Azlin ba ta ɗaga wayarta ba har ranar tafiya, sai da jirgi ya sauka Kano ta tarar da saƙo mai layi ɗaya, "Kak, kin isa lafiya?" Har yau Barira ba ta san ko Azlin za ta iya minti ashirin ɗin ba. Wataƙila da ta iya. Takan yi wannan tunanin a aji, alli a hannu, ɗalibai suna jiran ta ƙarasa jimla.

Kwana biyu da isowarta Gusau, Gwaggo Mero tana taya ta kwance kaya, ta zaro riga mai lamba uku ta ajiye gefe, ta zaro ragowar filasta.

"Wannan fa, 'yar nan? Kina so? Muciyata ta tsage."

Barira ta karɓa ta juya ta a hannu. Ta ce a kawo muciyar, ita za ta naɗe. Ta zauna a bakin murhu ta naɗa a hankali, zagaye bisa zagaye, yadda ta saba.

"Af, na manta," in ji Gwaggo. "Wasan naku na ƙarshe, kin ci?"

"Ban ci ba, Gwaggo," ta ce. "Amma na sauke ta lafiya."